Maki tara cikin minti biyu: waye ya zubar wa Memphis da kofin 2008?

Duk wanda ya daɗe yana bibiyar ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka ya san wannan wasan, wasan ƙarshe na ranar 7 ga Afrilu 2008 a filin Alamodome da ke San Antonio a jihar Texas, Memphis da Kansas, gaban 'yan kallo sama da 43,000. Saura minti 2 da sakan 12 a tashi Memphis na gaba 60 da 51. Maki tara fa. Magoya bayansu har sun fara rungumar juna, kofin da jami'ar ba ta taɓa ɗauka ba ya zo har bakin ƙofa. Ƙarshenta Kansas ce ta tafi da shi, 75 da 68 bayan ƙarin lokaci.

Na kalli mintocin ƙarshen nan a YouTube ya fi sau goma kuma har yau abin yana ci min rai, ba don ina goyon bayan Memphis ba, a'a, don yadda aka tattara laifin gaba ɗaya aka jibga wa yara biyu, Derrick Rose da Chris Douglas-Roberts, wai sun zubar da jifan fanareti. Eh sun zubar, babu mai musu. Amma ni a wajena kuskure iri biyu ne a wasa, akwai na hannu akwai na kai. Na hannu shi ne ka yi abin da ya dace ƙwallo ta ƙi shiga, wannan kowa yana yi har manyan 'yan wasa. Na kai shi ne ka zaɓi abin da bai dace ba tun kafin hannunka ya motsa, kuma a daren nan kurakuran kai ne suka kashe Memphis, mafi girmansu kuwa daga benci ya fito, daga wajen koci John Calipari.

Bari in ɗan yi bayanin dokokin saboda waɗanda ƙwallon ƙafa kawai suka sani, don in ba a fahimce su ba maganar ba za ta zauna ba. Wasan jami'a na maza rabi biyu ne, kowanne minti 20. A lokacin kowace ƙungiya sakan 35 gare ta ta jefa ƙwallo kwando in ba haka ba a karɓe a ba abokan hamayya. Ɗan wasa in ya yi keta sau biyar ya fita kenan ba dawowa. Sai jifan fanareti, wanda ake tsayawa a layi a jefa ba mai tare ka, kowanne maki ɗaya. In ketar ƙungiya ta kai bakwai a rabi guda to duk wanda aka yi wa keta zai je layi ya yi abin da ake kira ɗaya-da-ɗaya, wato in ka ci na farko a ba ka na biyu, in ka zubar shikenan ƙwallo ta koma ta kowa. In ta kai goma jifa biyu ne kai tsaye. Shi ya sa ƙungiyar da ake ci a ƙarshen wasa take yin keta da gangan, agogo ya tsaya, a tura ku layi ana fatan ku zubar. Sannan koci yana da damar tsayar da wasa na ɗan lokaci ya tara yaransa ya yi musu magana, taim-awut kenan. Ku riƙe waɗannan biyun, keta da gangan da taim-awut, don a kansu rigimar take.

Memphis ta shekarar nan ba ƙaramar ƙungiya ba ce. Sun ci wasa 26 a jere daga farkon kaka kafin Tennessee ta doke su 66 da 62 a watan Fabrairu, kuma suka shiga wasan ƙarshe da nasara 38, adadin da ba wanda ya taɓa kaiwa a kaka ɗaya kafin su. Salon wasansu na kutsawa ne, kowa ya karɓi ƙwallo ya danna cikin kwando da gudu, in an tare shi ya fitar wa na waje, salon da Calipari ya koyo daga wani koci mai suna Vance Walberg. Rose ɗan shekarar farko ne, shekararsa 19, ga gudu ga ƙarfi. Douglas-Roberts shi ne mai yawan ci. Joey Dorsey kuma shi ne ƙaton da ke tsakiya, ba ya ci sosai amma duk ƙwallon da ta dawo daga kwando tasa ce, a wasan kusa da na ƙarshe da UCLA bai ci ko maki ɗaya ba amma ya cafe ƙwallo 15 a gaban ƙaton UCLA Kevin Love.

Matsalarsu ɗaya kowa ya sani, layin fanareti. Duk kakar wajen kashi 60 cikin ɗari suke ci, suna can ƙasan jerin ƙungiyoyi sama da 300 na babban rukuni. Ranar da Tennessee ta doke su 8 suka ci cikin 17. A zagaye na biyu na gasar kofin, da Mississippi State, 15 suka ci cikin 32, da ƙyar suka sha 77 da 74. 'Yan jarida suka yi ta tambayar Calipari shi kuma amsarsa kullum ɗaya ce, ba ya damuwa, in lokacin da ake buƙata ya zo yaransa za su ci. To ni a nan na fara ganin laifinsa. Na gane abin da yake nufi, ba ya son ya saka wa yara tsoro a zuciya, don duk wanda ya taɓa tsayawa a layin nan ya san rabin aikin natsuwa ce. Amma kwantar wa yaro hankali a gaban 'yan jarida daban, shirya wa ranar da abin zai ci tura daban. In ka san katangarka a nan take da tsagewa ai sai ka tanadi abin da za ka yi ranar da ruwa ya biyo ta wajen, ba a fafe gora ranar tafiya. Ga kuma wani abu, a rukuninsu na Conference USA sun ci wasanninsu 16 duka, yawanci da tazara mai yawa, wato ba su saba da wasan da ake kai ruwa rana har sakan na ƙarshe ba. Kansas kuwa a Big 12 take inda kusan duk sati sai an gwada ka, kuma kwana takwas kafin wannan daren da ƙyar suka tsallake Davidson ta Stephen Curry 59 da 57.

Sai dai akwai abin da masu cewa "ai dama ba su iya fanareti ba" suke tsallakewa. Waɗanda suka zubar a daren ba su ne marasa iyawar ba. Dorsey ne da ire-irensa suke jawo lissafin ƙungiyar ƙasa, shi ko kashi 40 ba ya kaiwa. Rose da Douglas-Roberts kowannensu wajen kashi 71 yake ci, kuma kwana biyu kacal kafin nan, da UCLA, su biyun nan suka jefa 23 suka ci 20. To me ya canza? Gajiya tana ciki. Andre Allen, wanda ke karɓar Rose ya huta, an dakatar da shi kafin su zo San Antonio, Rose ya buga minti 45 cur bai zauna ba, Douglas-Roberts ma kusan haka. Jifan fanareti daga ƙafa yake tasowa, in gwiwa ta mutu hannu sai ya yi ƙoƙarin cike gurbin, nan ne ƙwallo take gajarta ko ta zarce. Kansas kuwa tana da Sherron Collins da Sasha Kaun a benci, mutanen da a wata jami'ar su ne za su fara wasa.

Kada kuma a ɗauka Bill Self, kocin Kansas, bai yi nasa kuskuren ba, ya yi, har ya kusa cin sa. An tafi hutun rabin lokaci Kansas na gaba 33 da 28, Rose maki 3 kawai gare shi, an riƙe shi tam. A rabi na biyu Self ya ga Douglas-Roberts yana damun su sai ya canza tsarin tsaro, ya sa mutum huɗu su tsare yanki mutum ɗaya ya manne wa Douglas-Roberts kamar kaska. An yi gudun gara an faɗa gidan zago kenan, don Rose ya samu fili, ya farka, a wani tsakani shi kaɗai ya ci 14 daga cikin maki 16 na Memphis. Da Kansas ta sha kashi a daren da wannan shawarar za a yi ta jifan Self da ita har yau, mutumin da dama ana masa gorin Bucknell ta fitar da shi a zagayen farko a 2005, Bradley ta maimaita masa a 2006. Cikin ƙwallayen Rose ɗin nan akwai wadda ya jefa yana faɗuwa baya agogon sakan 35 na ƙarewa, ta daki allo ta shiga, aka rubuta maki uku, don jifan da aka yi daga bayan layin da ya zagaye kwando daga nesa maki uku ne, na cikinsa biyu, daga baya alƙalan wasa suka duba bidiyo suka ga ƙafarsa na cikin layin aka mayar da ita biyu. Hukuncin daidai ne. Amma ku tuna da makin nan ɗaya, don wasan kunnen doki aka tashi.

To mu zo kan minti biyun. 60 da 51. Darrell Arthur ya jefa wata doguwa ta maki biyu ta shiga, 60 da 53, Self ya tsayar da wasa nan take ya shirya matsi. Wannan ba wani abin tashin hankali ba ne, tazarar bakwai da ƙwallo a hannunka saura ƙasa da minti biyu, abin da ake so kawai ka shigo da ƙwallo lafiya ka bar su su yi maka keta. Kowa a filin ya san Kansas za ta matsa, Memphis ma ta samu wannan hutun daidai da Kansas don ta shirya yadda za ta fito. Amma aka jefo ƙwallon sakaka, Collins ya fizge ta yana shirin fita daga fili ya cilla wa ɗan uwansa, ya koma kwana ya tsaya, aka dawo masa da ita ya jefa ta maki uku. 60 da 56. Cikin 'yan sakanni tazarar tara ta koma huɗu, kuma ba fanareti ko ɗaya da aka zubar tukunna. Wannan nake so mutane su gani. Kansas a duk wasan jifan maki uku 3 kawai ta ci cikin 12, biyu daga ciki a minti biyun nan ne, kuma dukkansu Memphis ce ta buɗe musu ƙofa.

Douglas-Roberts ya je layi ya ci biyu, 62 da 56, hankali ya ɗan kwanta. Sai kuskuren da ni a ganina ya fi duk fanaretin da aka zubar muni. Saura minti 1 da sakan 23, Dorsey yana ɗauke da keta huɗu, ya biyo Mario Chalmers can nesa da kwando inda ba wani haɗari, ya banke shi da jiki. Keta ta biyar, waje. Haba Dorsey! Ɗan shekarar ƙarshe ne fa, shi ne babba a cikinsu, ya fi kowa sanin abin da keta huɗu take nufi. Ka duba abin da keta ɗayan nan ta jawo: agogo ya tsaya alhali agogo shi ne babban abokin Memphis a lokacin, Chalmers ya je layi ya ci biyu ba tare da an ci lokaci ba, sannan mutumin da ke tsare musu ƙarƙashin kwando ya tafi benci ba zai dawo ba, har da ƙarin lokacin da ba wanda ya san za a yi. Amma nan ma ina da tambaya ga benci. Ɗan wasanka yana da keta huɗu, ka san halinsa na zafin kai, me ya hana a ja masa kunne cewa kar ya kuskura ya fita daga ƙarƙashin kwando, in Chalmers zai wuce ya wuce? Maki biyu a hannun Kansas bayan sun ci sakan goma ya fi wa Memphis sauƙi a kan maki biyu a tsaye da rasa Dorsey.

Daga nan ne fanaretin suka fara. Saura 1:15 Douglas-Roberts ya zubar da na farkon ɗaya-da-ɗaya, Arthur ya juya ya ci a ɗaya ɓangaren, 62 da 60 saura minti ɗaya. Memphis ta ci lokaci ta jefa ba ta shiga ba, Kansas ta taho da gudu, aka tare Collins a bakin kwando, tsaro mai kyau wallahi, ƙwallo ta dawo hannun Memphis saura sakan ashirin da 'yan kai. A nan Douglas-Roberts ya yi nasa kuskuren kan. Lokacin da ya rage bai kai sakan 35 ba, wato ba abin da ya tilasta musu jefawa, abin da ya kamata shi ne ya ja ƙwallo gefe ya yi ta yawo da ita a yi ta bin sa, duk sakan ɗin da ya wuce riba ce. Shi kuwa jinin kutsawa ya motsa, abin da aka koya masa duk shekara, ya danna kwando aka yi masa keta saura sakan 16.8. Ya zubar da biyun duka. Allah ya taimake su Robert Dozier ya yi tsalle ya cafo ta biyun, aka ba Rose aka yi masa keta saura 10.8. Douglas-Roberts don haushi har ya doka ƙwallo da ƙasa, abin da wani alƙalin zai iya hukunta shi a kai, aka ƙyale shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa duk mai kallo daga benci cewa yaran nan hankalinsu ya tashi.

Rose ya zubar da na farko ya ci na biyu. 63 da 60. Huɗu kenan suka zubar cikin biyar na ƙarshe, kuma duk da haka, duk da satar Collins da fitar Dorsey da komai, Memphis na gaba da maki uku saura sakan 10.8, Kansas kuma sai ta taho tun daga ƙarshen fili. Har a wannan lokacin kofin nasu ne. Collins ya karɓa ya taho da gudu ta dama, Rose na biye da shi, ya tsallaka tsakiya, ya yi tuntuɓe yana shirin faɗuwa ya tura wa Chalmers da ya zagayo ta bayansa, Chalmers ya buga ƙwallo sau ɗaya ya tashi sama, Rose ya miƙa hannu iya tsawonsa, ta wuce ta shiga saura sakan 2.1. Tsari ne da Kansas ta daɗe tana atisaye a kansa, kowa ya san inda zai tsaya. Dozier ya cilla daga tsakiyar fili ba ta shiga ba.

Ga muhawarar da ake yi tun daga ranar. In kana gaba da uku saura 'yan sakanni, ka yi keta da gangan ko ka tsaya ka yi tsaro? Lissafin masu cewa a yi keta mai sauƙi ne. In ka riƙe mai ƙwallo kafin ya ɗaga hannu zai jefa, iyakar abin da zai samu a layi maki biyu ne, kai kuma uku kake gaba. Kafin su kamo ka sai sun ci na farko, su zubar da na biyu da gangan kuma dole ya taɓa ƙarfen kwando, su riga ka cafewa, sannan su sake jefawa ta shiga, abu huɗu a jere kowanne sai ya yi daidai. In ka tsaya tsaro kuwa abu ɗaya kawai suke buƙata, jifa ɗaya, kuma a lokacin layin maki uku na jami'a kusa yake, ƙafa 19 da inci 9, a kakar da ta biyo baya ne ma aka ƙara masa ƙafa ɗaya. Masu cewa kar a yi keta su ma suna da hujja kuma ba zan raina ta ba. Dorsey ya fita, Kansas na da dogaye irin su Arthur da Darnell Jackson, cafe ƙwallon da aka zubar da gangan ba tabbas ba ne. In kuma ka yi ketar da wuri, saura sakan takwas misali, Kansas za ta ci biyun ta sake tura ka layin da ka gama zubar da huɗu a kansa. Sannan akwai tsoron yaro ya makara ya yi ketar lokacin da mutum yake jefa ta uku, a ba shi fanareti uku. Duk na yarda. Ni dai da keta zan yi, a bari Collins ya tsallaka tsakiya a cinye sakan huɗu ko biyar sannan a rungume shi. Amma wanda ya zaɓi tsaro ma ban ce ya yi hauka ba.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne abin da Memphis ta yi, wato ba ta yi ko ɗaya ba. Bayan wasa Calipari ya ce ai niyyarsu su yi keta, Collins ne ya kuɓuce musu. To ku je ku kalli bidiyon. Rose yana gefen Collins tun daga can baya, kafaɗa da kafaɗa, da yana da tabbacin an ce ya yi keta da hannu ɗaya zai miƙa ya riƙo shi, a maimakon haka sai ka ga yana ɗaga hannuwa irin na mai cewa ban taɓa shi ba. Wannan ba yanayin yaron da aka ba umarni ƙarara ba ne, yanayin wanda ya ji ana ihu daga benci cikin hayaniyar mutum dubu arba'in ne bai tabbatar da me ake cewa ba. Kuma ko laifin wa ke nan? Yaro ɗan shekara 19 da ya buga minti 40 ba hutu, yanzun nan ya zubar da fanareti mafi nauyi a rayuwarsa, duk tarbiyyar da aka yi masa tun yana ƙarami ita ce kar ka yi keta a ƙarshen wasa, sannan kana so cikin sakan uku ya juya wannan tarbiyyar saboda ihun da ka yi daga nesa? Ai wannan shi ne amfanin taim-awut. Rose na cin na biyun nan sai ka tsayar da wasa, ka tara su biyar ɗin ka kalli idon kowa, wane kai ne za ka riƙe Collins, a daidai wannan layin, da hannu biyu yadda alƙali ba zai yi shakka ba, in ya miƙa wa wani kafin nan to kowa ya fita bayan layin uku a bar musu maki biyu kyauta. Magana ce ta sakan 30.

Na san amsar da ake bayarwa, wai in ka tsayar da wasa ka ba Self dama shi ma ya zana nasa tsarin. To ai Kansas ba ta buƙaci zane ba, tsarin yana kansu tun tuni, shi suka yi kuma ya yi aiki. Ƙungiyar da ta san abin da za ta yi ba ta buƙatar hutu, wadda ta rikice ita ke buƙata, kuma duk mai ido ya ga wacece ta rikice a cikin biyun. Na taɓa tsayawa a bakin fili ina yi wa yaran unguwa ihu a irin wannan yanayin, wasan da ba kofi ba kuɗi ba 'yan kallo, kuma bayan an tashi yaron da nake kira ya rantse min bai ji ko kalma ɗaya ba. Na yarda da shi, don wanda ke cikin fili numfashinsa kawai yake ji.

Ƙarin lokacin minti biyar ne amma tun a mintocin farko aka gama. Kansas ta ci maki shida a jere, Brandon Rush, sai Arthur da aka ɗaga wa sama ya danna, sai Jackson, dukkansu a bakin kwando, daidai wurin da Dorsey zai tsaya da yana nan. 'Yan Memphis ƙafafu sun mutu zuciya ta karye, maki 5 kawai suka ƙara. A lissafin ƙarshe Kansas ta ci fanareti 14 cikin 15, Memphis 12 cikin 19. Arthur ya tashi da maki 20, Chalmers 18 da kyautar gwarzon gasa, Douglas-Roberts 22, Rose 18. Kofin farko kenan ga Kansas tun na 1988.

Abin tausayin bai tsaya nan ba, a 2009 hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ta soke nasarorin Memphis 38 ɗin gaba ɗaya saboda matsalar da ta shafi jarrabawar shiga jami'a ta Rose, wato a takarda kamar kakar ba ta faru ba. Rose ya tafi Chicago Bulls a matsayin na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar ƙwararru ta NBA na 2008, a 2011 ya zama gwarzon NBA yana ɗan shekara 22, mafi ƙarancin shekaru da aka taɓa ba wa. Chalmers ya ci kofi biyu da Miami Heat. Calipari ya koma Kentucky a 2009, kuma a 2012 ya sake haɗuwa da Self a wasan ƙarshe a New Orleans ya doke shi 67 da 59, ya samu kofinsa. Jami'ar Memphis ce dai har yau ba ta sake kaiwa ko wasan kusa da na ƙarshe ba.

Ni yanzu in na kunna bidiyon ba na ma kallon jifan Chalmers, na haddace shi. Ina tsayar da shi ne a daidai inda fanaretin Rose na biyu ya shiga, 10.8 a agogo, ɗan Kansas ya ɗauki ƙwallo ya fita bayan layi, 'yan Memphis suna ja da baya kowa na waige-waige yana neman wanda zai tsare.